Waya a Hannun Ɗalibi

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau zancen na 'yan makaranta ne, da wayoyin da ke hannunsu, da kwamfutocin da ake zaunar da su a gabansu. Ɗalibai, ku matso kusa da rediyo. Iyaye da malamai, ku ma kada ku yi nisa, akwai rabonku a ciki.

Na san abin da iyaye da yawa ke faɗa a zuci da zarar an ɗauko wannan magana: a ƙwace wayar kowa ya huta. Ban ga laifinsu ba. Ko ƙasashen da suka riga mu nisa a harkar fasaha sun fara ja da baya. Tun 2018 Faransa ta yi dokar hana yara amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare. A 2023 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana jan kunnen ƙasashe cewa kada a shigar da na'ura aji sai in an tabbatar tana taimakon karatu. Ni ma ina kan wannan ra'ayi. Muddin malami na tsaye gaban allo, waya ba ta da aikin yi a aljihun yaro, balle a ƙarƙashin tebur.

Amma ƙwacewa ba ta kashe maganar, kuma ga dalili. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, ta mayar da ita kacokan kan kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta soma gwada hakan da masu zana jarrabawa daga waje. Duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar jarrabawar JAMB da sassafe ya san abin da nake nufi. Za ka ga yarinya mai ƙoƙari, wadda ba a taɓa kayar da ita a ajinsu ba, an zaunar da ita gaban na'ura. Ta ɗaga linzamin kwamfuta sama tana juya shi a iska, kibiyar ta ƙi motsi. Ga agogo a kusurwar allo yana ta cin lokaci, tambaya 180 cikin awa biyu. Tana jin kunyar ɗaga hannu ta yi tambaya. Da wani ya taɓa nuna mata, da ta san ko linzamin ba ta buƙata: harafin A zuwa D ne zaɓin amsa, N ya kai ta tambaya ta gaba, P ya dawo da ita baya. Abin da za a koya cikin minti goma shi zai cinye mata rabin awa, ga faɗuwar gaba ta rikita mata abin da ta sani. Wannan yarinya ba karatu ne ya kayar da ita ba. Mu manya ne muka tura ta fagen da ba mu taɓa nuna mata ba.

Saboda haka yaro dole ya taɓa na'ura. Abin tambaya shi ne wa zai koya masa riƙe ta da amana, kuma me zai koya masa.

Bari in fara da aikin gida, don nan ne ɓarnar ta fi shiga a ɓoye. A ƙarshen 2022 aka saki manhajar ChatGPT, daga nan ire-irenta na ƙirƙirarriyar basira suka yi ta fitowa, har wata ta zo ta zauna a cikin WhatsApp ɗin da kowa ke riƙe da shi. Ka rubuta mata tambaya, kafin ka ƙifta ido ta zubo maka shafi guda. Malamai sun fara gane alamar. A ba yara jinga su rubuta insha'i a kan garinsu, sai a tattaro littattafai a ga Turanci sumul, babu kuskure ko ɗaya, daga yaron da jiya ya kasa haɗa jimla biyu. Ka duba cikin rubutun, babu sunan kasuwar garin, babu ranar da take ci, babu rafin da suke wanka, babu ko sunan unguwa ɗaya. Gari ne da zai iya zama ko'ina a duniya.

Ƙanena ɗalibi, ƙanwata ɗaliba, ku saurare ni da kyau. Malam bai ba ku jinga don yana ƙishirwar amsa ba, ya san amsar tun kafin a haife ku. Ya ba ku ne don wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen nema, da gogewa, da sake rubutawa, ita ce karatun. Wanda ya sa na'ura ta yi masa jinga kamar wanda ya aiki wani ya ci masa tuwo ne: kwano ya dawo wanke tas, shi kuwa yana nan da yunwarsa. Ranar jarrabawa kuma a bakin ƙofa ake karɓe waya, daga kai sai abin da ke kanka.

Ba cewa nake ku guji waɗannan manhajoji ba. Akwai hanyar da suke da amfani ƙwarai. Ka fara gwada lissafin da kanka, a takarda, har ka cije. Sannan ka tambaye ta ta yi maka bayanin inda ka kauce, mataki mataki. Ka kife wayar, ka sake yin lissafin ba tare da leƙe ba. In ya fito, ka koya. In bai fito ba, gobe ka kai wa malam. Kuma kada ka ɗauki duk abin da ta faɗa a matsayin yankan wuƙa. Waɗannan manhajoji an gina su ne su jera kalmomin da suka dace da juna, don haka sukan ƙirƙiro suna ko shekara ko littafin da babu shi, su faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. In kana so ka gani da idonka, tambaye ta jerin hakiman garinku ko tarihin unguwarku, sannan ka je ka karanta wa kakanka amsar. Daga nan za ka san iya inda za ka yarda da ita.

Daga jinga sai jarrabawa. Kowace shekara, da zarar lokacin WAEC ko NECO ya gabato, sai zaurukan WhatsApp da Telegram su ɓullo kamar daga sama, ana cewa a turo kuɗi a samu amsa tun daren jarrabawa. Bayan sakamako ya fito kuma sai masu cewa za su ƙara maka maki. Mafi yawansu 'yan damfara ne, su karɓi kuɗin su toshe lambarka. Wanda kuma aka kama da waya a ɗakin jarrabawa, soke sakamako shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi, domin tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta sa satar jarrabawa cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu. Da yawanmu mun tuna abin da ya faru a 2023, lokacin da wata ɗaliba a jihar Anambra ta fito da takardar sakamako mai maki 362, aka yi ta yabo da kyaututtuka. Bincike ya nuna ainihin makinta 249 ne, aka kuma haramta mata jarrabawar JAMB na shekara uku. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin nan, 249 maki ne mai kyau, wanda dubban yara ke addu'ar samu.

Tunda muna kan jarrabawa, ga wata 'yar tunatarwa. Lambarka ta NIN, da lambar wayar da ka yi rajista da ita, da kalmar sirrinka, kada ka bar su a hannun mai shagon intanet. Ka shigar da kalmar sirri da hannunka, in ka gama ka fita daga shafin kafin ka tashi daga kujera.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗalibai da amfani da intanet.

Yanzu mu shiga zauren aji, wato guruf ɗin WhatsApp da kusan kowane aji ke da shi. An buɗe shi ne don sanarwa da tunatar da juna darasi, amma sau da yawa yakan koma dandalin tsegumi. A ɗauki hoton yaro yana gyangyaɗi a aji, ko takalminsa ya yage, a saka, kowa ya yi ta turo fuskar dariya. Mu da muka yi makaranta kafin wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasar nan a 2001, in an tsokane ka, da an tashi ka tafi gida, magana ta ƙare sai gobe. Yaron yanzu tsokanar na bin sa har kan shimfiɗarsa, kuma bayan shekara biyar wani na iya tono hoton. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, ɗan ajinku ne ko malami. In wani ya saka, kai kada ka tura gaba, domin mai turawa abokin tarayya ne a cikin cutarwar.

Haka ma labari. Waɗanda suka yi wayo a 2014 ba za su manta da daren gishiri ba. Cutar Ebola ta shigo Legas, sai wani saƙo ya bazu a wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, shi ne rigakafi. Kafin asuba an tashi gidaje daga Kudu har Arewa ana dafa ruwa. An kwantar da mutane a asibiti, har an ba da rahoton mutuwar wasu. Waɗanda suka yi ta tura saƙon nan ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su, suna so su ceci 'yan uwansu. Shi ya sa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kai da kake zuwa makaranta, kai ya kamata ka zama mai tambaya a gidanku: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Duk saƙon da ya ce a yi maza a tura wa mutum goma, ko wanda ya sa jininka ya tafasa a kan wata ƙabila ko wani addini, ka dakata da shi tukuna.

Akwai kuma maganar da ke da nauyi a baki, amma dole in faɗe ta. Baƙo zai turo saƙo da hoton kyakkyawar fuska, ya yi ta hira mai daɗi, wani lokaci har da kyautar data. Bayan an saba sai ya nemi hoton da bai dace ba. Da ya samu sai murya ta canza: a turo kuɗi ko ya watsa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke irin wannan sana'a. Akasarin waɗanda suka yi wa tarko suna ƙasashen waje, amma dabarar ɗaya ce ko'ina, kuma maza da mata duk tana kamawa. In hakan ta same ki, 'yata, ko ta same ka, ɗana, kada ku biya ko sisi, don wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Kada ku goge saƙonnin, su ne shaida. Ku gaya wa babban da kuka amince da shi a ranar. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai irin wannan barazana.

Iyaye, a nan ne nake roƙonku. Yaron da ya san duka da tonon silili ke jiransa ba zai taɓa buɗe baki ba, zai gwammace ya saci kuɗi ya biya azzalumi. In ɗanku ya zo muku da irin wannan, ku fara ceto shi, faɗa ya biyo baya. Ku kuma sani Facebook da TikTok su da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Da dare kuwa, wayar yaro ta kwana a ɗakin uwa tana caji. Yawancin masu gyangyaɗi a darasin farko ba rashin lafiya ke damunsu ba, kallon bidiyo ne har ƙarfe biyun dare. Sai dai dokar ba za ta yi tasiri ba in uba na zaune ana cin abinci idonsa na kan tasa wayar.

Datar da ake ƙonawa a kallon rawa, akwai inda za a kashe ta a ci riba. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, darussan firamare da sakandare kyauta, har da na Hausa a ciki. Akwai Wikipedia ta Hausa, wadda ɗalibi zai iya karantawa, in ya ƙware ma ya ƙara mata bayani a kan garinsu, da hujja.

Maganata ta ƙarshe ga shugabannin makarantu ce. Makarantu da dama suna da ɗakin kwamfuta, amma a kulle, an lulluɓe na'urorin da leda don kada yara su lalata, ba a buɗewa sai ranar da baƙi za su zo. Na san akwai matsalar wuta, na san man janareto ya yi tsada. Duk da haka, a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai a fitar da ko awa ɗaya a mako ga 'yan ajin ƙarshe, kowane yaro ya zauna ya danna da hannunsa, ya gwada tsofaffin tambayoyi agogo na tafiya. Makarantar da ba ta da ko ɗaya, ta nemi cibiyar jarrabawa mafi kusa a yi yarjejeniya a kai yara gwaji kafin ranar. Iyaye, a taron makaranta na gaba, ku tashi ku tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin nan, da ranar da ake buɗe shi.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)