Tsintuwa Amana Ce
(Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya)

Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Iyayena, yayyena, da ƴan bida da suka komo gida, ina gaishe ku.

Ga abin da ya sa na roƙi magana. Ranar kasuwar da ta wuce, wani yaron ajina ya tsinci jika 40 ƙulle cikin tsumma a bakin tasha, ya kai ma ubansa. Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce tsuntsu ne daga sama gasasshe, wasu suka ce a yi cigiya. Uban ya zo ya tambaye ni: "Mushe, doka ta tilasta mini in maida?"

Na ce masa kuɗin da suka faɗi suna nan na mai su. Dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa a 1960 ta ce, a aya ta 2279, wanda abinsa ya ɓace yana da shekara 3 ya biɗe shi a hannun duk wanda ya tarar da shi. Wanda kuwa ya san mai kuɗin, ko ya ji cigiya ya yi shiru, alƙali na iya ɗaukar aikinsa sata.

Wajen addini, malamai sun fi ni sani, su gyara mini. Abin da ake karantawa cikin Risala shi ne, mai tsintuwa ya yi cigiya shekara guda a inda ake sa ran mai abin zai ji. Wanda ya siffanta jakar da maɗaurinta, a ba shi. In shekara ta cika ba kowa, ya ajiye ko ya yi sadaka da su, amma in mai su ya ɓullo sai ya biya. Kun ga doka da littafi bakinsu ɗaya.

To, yaya za a yi? Na farko, a ƙidaya kuɗin gaban shaidu biyu. Na biyu, a kai ma maigari. A birni kuwa, komisariya ko wajen jandarma, kuma a karɓo takarda. Na uku, a sa sanƙira ya yi shela a kasuwa da ƙofar masallaci, amma kada a faɗi yawan kuɗin, don kada maƙaryaci ya riga mai su.

Haka uban yaron ya yi. Kwana uku, sai ga mai su. Ashe saƙo ne daga Abijan, wani ya aiko ma tsohuwarsa ta sayi hatsi kafin damina. Da an yi shiru, ɗan saƙon za a kira ɓarawo, tsohuwa kuma ta kwana da yunwa.

Ƴan'uwa, dukanmu muna aike, ana kuma aiko mana. Yau kai ka tsinta, gobe naka ne zai faɗi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.