MAKIN CINIKI A MA'AUNIN SHARI'A: GYARA CE KO TARKO?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maudu'in zamanmu na yau shi ne wani nau'i na mu'amala da ya taso daga ƙasashen Turai da Amurka, ya mamaye kasuwannin duniya, har ya iso hannun 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga zuwa Jidda da Dubai da Sin. Wannan kuwa shi ne makin da kantuna da kamfanonin jiragen sama da bankuna suke ba abokan cinikinsu. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa. Saboda haka za mu fara da bayanin yadda abin yake, sa'an nan mu ɗora shi a kan ma'aunin Shari'a.

ASALIN AL'AMARIN

Babu Bahaushen da bai san gyara ba. Ka sayi mudun gero, mai awo ta ƙara maka tafi ɗaya don ka dawo gobe. To, Turawa sun ɗauki wannan gyara ne, suka jinkirta ta, suka rubuta ta a lissafi, suka kewaye ta da sharuɗɗa.

A shekarar 1896 kamfanin Sperry da Hutchinson na Amurka ya fara sayar wa masu kantuna wasu ƙananan takardu koraye masu kama da kan sarki. Mai kanti yana ba mai saye gwargwadon kuɗin da ya kashe, shi kuma ya liƙa su a ɗan littafi, in ya cika ya kai a musanya masa da kayan gida. Irin wannan ya shiga Ingila a 1958 da sunan Green Shield. A 1981 kamfanin jirage na American Airlines ya ɓullo da shirin AAdvantage, inda aka bar takarda aka koma kwamfuta, ana lissafa wa matafiyi mil-mil na tafiyarsa. A 1995 kuma kantunan Tesco na Ingila suka fito da katin Clubcard, wanda ya zama abin koyi ga manyan kantunan duniya.

YADDA AKE TARAWA DA HAƊAWA DA KARƁA

Tsarin yana da matakai uku. Na farko shi ne tarawa. A Tesco, alal misali, duk fam ɗaya da ka kashe a kayan kanti za a rubuta maka maki ɗaya, kuma darajar makin peni ɗaya ce. Wato wanda ya kashe fam 100 ya sami gyarar fam ɗaya. A katin Nectar na kantunan Sainsbury's darajar maki rabin peni ce, maki 500 su ne fam biyu da rabi. Ku lura da wannan lissafi da kyau, domin yawan adadi yana ruɗin ido. Mutum ya ga maki dubbai a wayarsa ya ɗauka dukiya ce, alhali in aka mayar da su kuɗi ba su taka kara sun karya ba.

Mataki na biyu shi ne haɗawa. Kamfanoni sun gane cewa mutum yana gajiya kafin makinsa su taru a kanti guda, sai suka ƙulla ƙawance. Nectar da aka kafa a 2002 ya haɗa kantin abinci da gidan mai da kantin tufafi da banki a kan kati ɗaya. Jiragen sama su ma suka yi ƙungiyoyi: Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Jirgin Habasha ya shiga ta farko a 2011, jirgin Saudiyya ya shiga ta uku a 2012, don haka mai tafiya a jirgin wani kamfani yana iya tara mil a asusunsa na wani kamfanin daban, muddin ƙungiyarsu ɗaya ce. Wasu kuma sun yarda mutanen gida ɗaya su zuba makinsu a asusu guda. Sai dai ƙawancen ba ya da tabbas. Shirin Plenti da American Express ya kafa a Amurka a 2015 ya rushe a 2018, bayan abokan ƙawancen sun janye ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na uku shi ne karɓa, wato musanya maki da rangwame ko kaya ko tikitin jirgi. A nan ne ikon kamfani yake bayyana ƙarara. Shi ne yake ƙayyade darajar maki, shi ne yake sa masa wa'adi, kuma yana iya sauya duka biyun. A watan Yuni na 2023 Tesco ya rage abin da maki yake saye a wurin abokan ƙawancensa daga ninki uku zuwa ninki biyu. Maki masu ɗimbin yawa kuwa suna mutuwa ba a karɓe su ba, kuma wannan ma yana cikin lissafin ribar kamfanoni tun daga farko.

ME KAMFANI YAKE SAMU?

Ya 'yan'uwa, ɗan kasuwa ba ya jefa ƙugiya ba tare da ya hango kifi ba. Abu na farko da yake samu shi ne ɗaure ƙafar mai saye, ya daina zagaya kasuwa yana taya kaya. Na biyu shi ne labarinka. Duk lokacin da ka miƙa katin, an rubuta abin da ka saya da lokacin da ka saya da wurin da ka saya. Kamfanin Dunnhumby, wanda ya tace wa Tesco waɗannan bayanai, ya nuna cewa daga kwandon sayayya ana iya gane halin gida da ƙarfin aljihunsa. Na uku shi ne sayar da makin kansu. Bankuna suna sayen mil daga kamfanonin jirage da tsabar kuɗi don su raba wa masu katinsu. Girman wannan ciniki ya fito fili a lokacin annobar korona: a 2020 kamfanin United ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta ya ci na biliyan 9, kuma dukkansu shirin makinsu suka ba da jingina.

Adalci ya wajaba mu faɗi cewa ba yaudara ce zalla ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bincika a 2024, ta gano cewa kimanin tara cikin goma na rangwamen da ake yi wa masu kati rangwame ne na gaskiya. Musulmi ba ya ƙaryata gaskiya don ta fito daga wanda ba ya so.

HUKUNCIN SHARI'A

Asali a cikin mu'amala shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani. Abubuwan da suke ɓata ciniki kuwa sanannu ne: riba, da garari, wato jahiltar abin da za a samu, da caca, da algus, da cin dukiyar mutane da ɓarna. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hanin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi game da cinikin garari. Da wannan ma'auni malaman zamani suka auna mas'alarmu.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 14 a Doha a shekarar 2003, ta yanke cewa katunan otal-otal da kamfanonin jirage da makamantansu masu ba da maki halal ne in kyauta ake bayar da su kuma abin da ake samu da su halal ne. In kuwa da kuɗi ake sayensu, bai halatta ba saboda garari. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 18 a Makka a 2006, ta bi wannan hanya game da katunan rangwame. Hikimar a fili take. Idan kati kyauta ne, makin alkawarin kyauta ne ko ragin farashi da aka jinkirta, kuma jahiltar adadi ba ta cutar da kyauta, musamman a mazhabar Imam Malik. Amma idan ka biya kuɗin shekara don kati, ka sayi abin da ba ka sani ba: ko ka sami fiye da abin da ka biya, ko ƙasa, ko babu kome.

Daga nan sai mas'aloli guda biyar.

Ta farko, katin bashi na banki. Mafi yawan makin da ake kwaɗaita wa mutane a Amurka ta wannan ƙofa suke zuwa. Majalisar farko da muka ambata ta yanke a Riyad a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta ƙarin riba a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi ya cika. Don haka tikitin Umara da aka samu ta hanyar sa hannu a yarjejeniyar riba bai zama abin alfahari ba. Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki.

Ta biyu, ƙuri'a. Idan an ce ka ƙara kuɗi ko ka sayi abin da ba ka bukata don sunanka ya shiga zaɓen wanda zai ci mota, an bar babin kyauta an shiga babin caca. Halaccin kyautar talla yana da sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin kaya saboda ita, kuma sayen ya kasance don bukatar kayan ne.

Ta uku, amana. Ma'aikaci ko yaron kanti ko wakilin da aka aika sayayya da kuɗin wani, bai kamata ya karkata zuwa wuri mai tsada don makin su faɗa asusunsa ba. Wannan ha'inci ne. Ko da farashi ɗaya ne, abin da ya fi tsentseni shi ne ya sanar da mai dukiya ya nemi izininsa, domin da kuɗinsa aka jawo gyarar.

Ta huɗu, sayar da maki ga wani. Mafi yawan kamfanoni sun hana wannan a sharuɗɗansu, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya yarda da shi matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba. Inda aka ba da izinin haɗawa ko kyautarwa ga iyali, babu laifi. Buɗe asusun ƙarya ko amfani da katin wani ba da saninsa ba kuwa algus ne, ko da kamfanin na wanda ba Musulmi ba ne.

Ta biyar ta shafi 'yan kasuwarmu da suka fara kwaikwayon wannan tsari. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne cewa alkawari yana zama wajibi a cika shi idan wanda aka yi wa ya shiga wani aiki ko ya kashe dukiya saboda shi. Wanda ya ce wa mutane su yi ciniki a wurinsa zai ba su kaza, suka yi, ba shi da damar ya wayi gari ya soke abin da suka tara ba tare da sanarwa da wa'adi ba. Ya bayyana sharuɗɗansa da harshen da abokan cinikinsa suke ji, kada ya ɓoye su a ƙananan haruffa, kuma ya tsare sirrin sayayyarsu.

NASIHA

Ya bayin Allah, haɗarin da ya fi girma a wannan babi yana cikin zuciya. An gina tsarin ne a kan sanin raunin ɗan Adam: idan aka ce masa saura kaɗan ya kai matakin azurfa ko na zinariya, sai ya kashe dubu don ya sami goma. A cikin Suratul Furƙan Allah (S.W.T.) Ya yabi bayinSa da tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa, babu almubazzaranci babu ƙwauro. Kafin ka miƙa hannu ga kaya, tambayi kanka: da babu maki, zan saya? In amsar ita ce a'a, to maki ne ya saye ka.

Saboda haka ku karɓi gyara in ta zo kyauta a kan abin da dama kuke bukata. Ku gwada farashi a wurare daban-daban kafin ku saya. Ku karɓi abin da kuka tara da wuri, domin ba ajiya ba ce, alkawari ne a hannun wanda yake iya sauya shi. Ku nisanci duk katin da riba take cikinsa, kome ƙyallin abin da aka rataya masa. Kuma kada katin babban kanti ya mantar da ku maƙwabcinku mai ɗan tireda, wanda yake ba ku bashi ranar da babu, ba tare da ya ƙara ko kwabo ba.

Allah Ya wadatar da mu da halal ɗinSa daga haram, Ya sanya albarka a cikin kasuwancinmu, Ya fahimtar da mu addininSa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.