Kafin A Ɗaura Kaya

Karatu: Ezra 8:15-34

Maganarmu ta yau a kan iyalin da ke shirin barin gida ne domin doguwar tafiya.

A ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo wannan ba baƙon abu ba ne. Da an gama girbin gero da dawa an zuba a rumbu, wanda ba shi da fadama a bakin gulbi inda zai noma albasa ko tafarnuwa sai ya soma shirin cin rani. Wani Sakkwato, wani Kano, wani har Ibadan ko Legas, ba dawowa sai ruwa ya sauka. Sau da dama maigida ne kaɗai ke tafiya, amma akwai masu kwasar mata da yara. Akwai kuma waɗanda aka tasa dole. Ambaliyar 2010 ta kori mutane daga ƙauyukan Goronyo, harin 'yan bindiga na 2018 kuwa ya tara iyalai a Gandi, cikin ƙasar Rabah. Su ba su sami zarafin shiri ba. Kai da Allah ya ba ka zarafi, me za ka yi da shi?

Ezra ma ya taɓa tsayawa inda kake. Tafiyar wajen wata huɗu ce a gabansa, daga Babila zuwa Urushalima, ga yara ga dukiya. Bai yi gaggawa ba. Ya yi zango kwana uku a bakin kogin Ahawa, ya yi abu uku.

Na ɗaya, ya duba mutanensa. Da ya ga babu Lawiyawa, masu hidimar Haikali, sai ya aika aka kawo su. Ɗan'uwa, kafin ka ƙirga buhu da tabarma, ƙirga mutane. Ka zauna da matarka kun yi shawara, ko umurni kawai ka ba ta? Yaron da ke firamare, ina zai ci gaba da karatu? Tsohuwar da za a bari a gida, wa zai ɗebo mata ruwa? Ka sanar da fastonka, ka karɓi wasiƙa zuwa ikkilisiyar garin da za ka sauka, kada ka yi wata biyar ba sujada.

Na biyu, ya kira azumi da addu'a domin kiyayewar hanya. Ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, gama ya riga ya shaida masa cewa Allah na lura da masu nemansa. Nehemiya kuwa, da ya yi irin wannan tafiya daga baya, ya tafi da rakiyar da sarki ya ba shi. Dukansu ga Allah suka dogara. Saboda haka tambayar lafiyar hanya, da tafiya da rana, da bin ayari, ba rashin bangaskiya ba ne. Amma a fara da durƙusawa, yara ma su ji mahaifinsu yana kiran sunansu a gaban Allah.

Na uku, ya auna azurfa da zinariya, ya danƙa wa amintattun firistoci. Da suka isa Urushalima aka sāke aunawa, aka rubuta kome. Kai fa? Bashin takin da ka ci da damina, ka biya, ko ka je ka roƙi lokaci fuska da fuska. Rumbu da awaki, ka ba da amanarsu a gaban shaidu. In akwai wanda ba ku ga maciji da shi, je ka shirya da shi tun yau, gama ba mai tafiya da ya san ranar komowarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka kiyaye masu tafiya da waɗanda aka bari a gida. Ka ta'azantar da waɗanda aka raba da gidajensu, ka komo da su lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.