Maganar Ramar Yara: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Maganarmu ta yau a kan rama ce, wadda aka fi sani da tamowa. Jama'a, mu ne fa ke sauke wake da gyaɗa da busasshen kifi a kasuwar Bodija, mu ne ke kawo shanu garin nan na Badun. Amma ku leƙa waɗansu gidaje a nan Sabo, za ku tarar da ɗan yaye ba abin da ke shiga cikinsa sai tsinkakken koko, safe da yamma. Koko zalla ruwa ne da ɗan tsami, yana cika ciki amma ba ya gina jiki.

Da haka abin ke farawa. Zawo ko ƙyanda su biyo baya, yaro ya ƙi cin abinci, haƙarƙari ya fito, fatar ɗuwawu ta saki, fuska ta koma ta tsoho. Sai a ce maita ce ko kambun baka, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Wani kuma kumbura yake yi, uwa tana murna wai ya yi ƙiba. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3; in gurbin ya zauna, ruwa ne. Wannan shi likitoci ke kira kwashiyoko, kalmar mutanen Ga ta ƙasar Gana, ma'anarta ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Mu da muka san kwanika ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shekara biyu cif aka ambata na shayarwa a Suratul Baƙara, aya ta 233.

A asibiti akwai ɗan tef da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya kasa santimita 11.5 ya shiga ja, rayuwarsa na cikin haɗari, ranar za a kai shi. Akwai wani tunkuzan gyaɗa da madara a leda, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ya yi aiki sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Magani ne na mai ciwo. Wanda ya saye shi a tebur don marmari, haƙƙin wani yaro ya ci.

Maigida, kai ke da cefane. Daga abin da ka auna wa mutane, ka tsakuro mudun waken suya da na gyaɗa, a soya, a niƙa da gero, a dama da kauri, a zuba cokalin manja. Wata 6 na farko kuwa nono kaɗai, ko ruwa ba a haɗawa.

Babba ma in yana ramewa ba dalili, ga tari ya wuce mako biyu, ya je a gwada tarin fuka da ciwon suga. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.