HANNUN YARO DA HANNUN BABBA

Jawabi ga iyaye da masu renon yara

Batun yau a kan abin da kowa ke gani ne kullum a tsakar gida, amma ba safai a kan tsaya a lura da shi ba, watau yadda yaro mai tatata ke ɗaukar kaya, da yadda babba ke ɗauka.

A kwatanta da moɗa da aka kife a kan randa. Idan mace ta zo ɗibar ruwa, ta kan murɗa hannunta tun kafin ta taɓa moɗar, babban yatsa na duban ƙasa, domin in ta birkice ta hannun ya dawo daidai. Ba ta ma san ta yi haka ba. Wani masani a Amurka, David Rosenbaum, ya ga ma'aikacin gidan abinci yana yin haka da kofunan da aka kife, sa'an nan shi da abokan aikinsa suka buga bayani a kai a 1990, cewa babba ya kan yarda da wahala a farkon aiki don ya sami sauƙi a ƙarshensa. Ɗan shekara 2 kuwa sai ya cafki moɗar yadda ta zo masa. In ya juya ta sai ya tarar hannu ya murɗe, gwiwar hannu ta yi sama. Wannan dabara ba ta kan zauna wa yara sosai sai wajen shekara 10.

Gwajin cokali ya fi wannan ban sha'awa. A 1999 waɗansu masana uku, McCarty da Clifton da Collard, suka ba da labarin yadda suka riƙa ajiye wa yara cokali da abinci a ciki, wani sa'i ƙotar na duban dama, wani sa'i hagu. 'Yan wata 9 su kan miƙa hannun da suka saba da shi ko ina ƙotar ta ke, har wani ya kai ƙota baki maimakon abinci, sa'an nan ya gane. 'Yan wata 14 su kan yi kuskuren, amma su gyara a hanya kafin cokali ya kai baki. 'Yan wata 19 kuwa su kan duba tukuna, su miƙa hannun da ya dace. Ashe cikin wata 10 kurum yaro ya tashi daga gyara bayan ɓarna zuwa shiri kafin aiki. Duk uwar da ke da ludayi da ƙoƙon kunu mai sanyi tana iya gwada wannan a gida.

Akwai kuma dalili a cikin hannun kansa. Wuyan hannun babba yana da ƙananan ƙasusuwa 8. A wurin jariri duka guringuntsi ne, da ɗaya ɗaya su ke ƙosawa, na ƙarshe sai yaro ya kusa balaga. Don haka mai tatata da kafaɗa da gwiwar hannu ya ke aikin da babba ke yi da wuyan hannu da yatsu, ya dunƙule cokali cikin tafi kamar mai riƙe da taɓarya. Bai kuma iya auna ƙarfi ba. Babba ya kan kintaci nauyin abu da ido, ya matse shi gwargwado, yaro kuwa ko ya matse ayaba ta dame, ko ya fizgi ƙwarya marar nauyi ta yi sama.

To, a ƙara tafiya a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe 5, har da Ghana, ta bayyana a 2006 cewa lafiyayyen yaro ya kan fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18. Sabon mai tafiya ya kan buɗe ƙafafu ya ɗaga hannuwa don kada ya faɗi. In an ɗora masa ƙoƙo, an karɓe masa abin da ya ke daidaita kansa da shi ke nan. Lalle wanda ya doki irin wannan yaro don ya zubar da fura ya zalunce shi, gama bai ƙi ji ba, jikinsa ne bai kai ba. Abin da ya fi shi ne a ba shi ƙaramin ƙoƙo, a zuba kaɗan, a bar shi ya yi ta gwadawa. Tufa dai ta kan wanku.

Inda ba a barin yaro ya gwada shi ne inda kuskure ɗaya ya isa. Hannunsa ya kan riga hankalinsa isa wurin abu, kuma jawowa ya ke yi, ba ɗagawa ba, sai tukunya ko butar shayi ta kife a ƙirjinsa. Fatarsa ta fi ta babba rashin kauri, zafin da babba zai jure sai ya sale ta. In haka ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, sa'an nan a tafi asibiti. Kansa kuma ya yi wa jikinsa girma, in ya leƙa bokiti sai ya rinjaye shi, ba ya iya fitowa. Saboda haka bokiti a kife shi, rijiya a rufe ta.

Baki shi ne hannun yaro na uku. Gyaɗa, da kwabo, da maɓalli, duk suna iya shaƙe ɗan ƙasa da shekara 3. Mafi muni shi ne kananzir da a ke zubawa cikin kwalbar lemo a ajiye a ƙasa, domin a wurinsa duk abin da ke cikin kwalba na sha ne. Yaron da ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama abin tsoro shi ne man ya shiga huhu. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a ɗauke shi a zaune, a kai shi asibiti nan da nan, ko da ya nuna kamar ba abin da ya same shi.