Kaki ɗaya ne, amma kwana ba ɗaya ba



Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja, samarin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji sukan yi tururuwa da takardunsu. To, kafin yaro ya sa hannu, ya kamata ya san abin da ke jiransa, don aikin soja kashi-kashi ne.

Akwai wanda ake kaiwa sansanin bakin iyaka. Shi ke kwana cikin rami, ruwan shansa sai mota ta kawo, kuma in aka kawo hari, agaji na nesa. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 muka rasa. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89. Duka biyun sansanoni ne kusa da iyakar Mali.

Akwai direba da mai cire nakiya. Direba yakan kwana a bariki, amma kullum hanya ce ke jiransa, kuma nakiyar da aka binne ba ta sallama. Mai cire ta kuwa, kuskure ɗaya ya isa.

A nan jihar Maraɗi, masu sintiri kan iyakar Najeriya suna bin ɓarayin shanu da masu satar mutane cikin daji da dare. Su ke tsare ƙauyukan Gidan Rumji, inda dubban 'yan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara suka sauka tun 2019. A gefensu ga ɗan banga da bindigar gida, ba albashi, ba fansho. In ya faɗi, matarsa sai Allah.

Sannan akwai na ofis a Yamai, mai sa hannu kan kwangila. Aikinsa ma na yaƙi ne, don abin da ya sayo shi ke kai wa na rami. Rahoton farko na binciken ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna an yi asarar kusan miliyar 76 na sefa wajen sayen kayan yaƙi. Wa ya biya wannan kuɗi da ransa? Kun san amsa.

Don haka abu uku nake so mu riƙe: a riƙa sauya waɗanda suka daɗe a bakin daga, a biya alawus kan lokaci, a kula da zawarawa da marayu ba sai sun yi yawon ofis-ofis ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi, ya tsare na daji.