Blohm+Voss: Kamfanin da Yaƙi Ya Cinye wa Jirage Har Sau Biyu



A ranar 5 ga Afrilu 1877, injiniyoyi biyu, Hermann Blohm da Ernst Voss, suka buɗe wurin ƙera jiragen ruwa a wani tsibiri mai fadama cikin kogin Elbe, daura da birnin Hamburg na Jamus. Farkon abin bai yi musu daɗi ba. Attajiran Hamburg sun fi yarda da aikin Ingila, har sai da kamfanin ya ƙera jirgi da kuɗin aljihunsa, sannan ya shiga neman mai saye.

Cikin shekara talatin da 'yan kai, labari ya sha bamban. Su suka ƙera Peking da Passat a 1911, manyan jirage masu tafiya da iska, waɗanda ke ɗauko ma'adinin yin taki da albarushi daga Chile. A 1914 suka gama Vaterland, jirgin fasinja da babu kamarsa a girma duk duniya. To, ku saurari abin da ya same shi. Yaƙi ya ritsa da shi a tashar New York, ya kasa komawa gida. A 1917 Amurka ta ƙwace shi, ta sa masa suna Leviathan, ta riƙa jigilar sojojinta da shi zuwa Turai don su yaƙi Jamus ɗin da ta ƙera shi. Wani jirgi ɗan'uwansa kuma aka miƙa wa Birtaniya a matsayin diyyar yaƙi.

Zamanin Hitler ya fi muni. A wannan kamfani aka saki jirgin yaƙin Bismarck cikin ruwa a 1939, ya nutse a Mayun 1941 tare da mutane fiye da 2,000. A nan kuma aka ƙera ɗimbin jiragen ƙarƙashin teku, da gumin mutanen da aka tilasta wa aiki, ciki har da fursunonin sansanin Neuengamme. Duk mai yabon gwanintar wannan kamfani ya tsallake wannan babi, a ganina ya ci amanar tarihi. Bayan yaƙin, Birtaniya ta kwance injinan wurin.

Cikin abubuwan da suka tsira akwai ramin gyaran jirage na Elbe 17, mai tsawon mita 351, wanda har jirgin Queen Mary 2 ya sha shiga don gyara.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya fito da tsarin MEKO, inda ake harhaɗa makamai da na'urori cikin akwatuna, ta yadda za a zare ɗaya a sa wani ba tare da an yayyanka jikin jirgi ba. Jirgin farko da aka yi bisa wannan tsari na Nijeriya ne, NNS Aradu, wanda sojan ruwa suka fara aiki da shi a 1982. Kamfanin ya shiga hannun Lürssen na Bremen a 2016.